Kiɗan fina-finan tarihi na Indiya: tambayoyi da amsoshi

A cikin waƙoƙin fina-finan Indiya akwai rukunin da kunne ke warewa tun ido bai ga hoto ba. Ba a gaggawa a cikinsa. Tsirkiya ce za ta fara kuka a hankali, murya ta shigo tana jan harafi guda, sai can ganga ta biyo baya. In ka ɗaga kai ka dubi talabijin, galibi fada za ka gani, ko zauren da aka shimfiɗe da dardumai aka kunna fitilu, mawaƙiya na zaune makaɗa na bayanta. Irin kiɗan da ake yi wa fim ɗin da labarinsa ya faru a zamanin da ya shuɗe ke nan. Ga tambayoyin da masu sha'awarsa suka fi yi.

Wane kiɗa ne ake kwaikwayo a irin waɗannan fina-finai?

Kiɗan ilimi a Indiya gida biyu ne. Na kudu sunansa Karnatak, na arewa Hindustani. Fina-finan Hindi da Urdu da ake yi a Bombay (Mumbai a yau) daga na arewa suke ɗiba, wanda ya girma a fadojin Delhi, Agra, Gwalior da Lucknow, inda waƙoƙin ibadar Hindu suka gauraya da abin da Farisawa da mutanen tsakiyar Asiya suka zo da shi.

A da ba a aji ake koyonsa ba. Yaro zai tare a gidan malaminsa, ustad in Musulmi ne, pandit in Hindu ne, ya yi shekara da shekaru yana maimaita abu guda. Kowane gida da salonsa, shi ake kira gharana: akwai na Gwalior, na Kirana, na Patiala, na Agra. Ustad kan ɗauki awa guda yana warware raga ɗaya. Mai tsara kiɗan fim kuwa minti huɗu ko biyar ne a hannunsa, kuma ana so mai shayi a bakin titi ya iya rera abin washegari. Duk wahalar aikin a nan take.

Mece ce raga? Kullum ana ambatonta.

Raga ba waƙa ba ce, ƙa'idar da ake gina waƙa a kanta ce. Sautukan tushe bakwai ne: sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Kowace raga tana ɗaukar biyar, shida ko bakwai daga ciki, ta ƙayyade yadda ake hawa da yadda ake sauka, wane sauti ake daɗewa a kansa, wane ake shafa a wuce. Bhupali da Deshkar sautukansu ɗaya ne, amma tafiyarsu ta bambanta, don haka raga biyu ne. Masani na gane raga daga 'yar gajeriyar gaɓa, yadda ɗan gari ke jin taken sarki daga nesa ya san wanda ke tafe tun bai hango laima ba.

Kowace kuma da lokacinta. Bhairav ta asuba ce, Todi ta hantsi, Yaman ta farkon dare, Darbari da Malkauns na tsakar dare, Malhar ta damina. Bhairavi da ita ake rufe zama. Mai tsara kiɗan da ya san aikinsa yana amfani da wannan: in sarki na cikin damuwa da daddare, Darbari zai jawo, saboda nauyinta da yadda take zama a ƙasan murya.

Abokiyar tafiyarta ita ce tala, wato zagayen bugu. Teental bugu 16 ne, jhaptal 10, keherwa 8, rupak 7, dadra 6. Bugun farko na kowane zagaye sunansa sam, kuma duk yawon da mawaƙi da makaɗi za su yi, a nan suke haɗuwa. Waƙoƙin fim na yau da kullum keherwa da dadra suka fi hawa. Da ka ji teental ko jhaptal, to an nufi tsohon salo da gangan.

Shin abin da muke ji a fim ɗin Sarki Akbar shi ne ainihin kiɗan zamaninsa?

A'a, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Akbar, sarkin daular Mughal, ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Na'urar ɗaukar murya ba a ƙirƙiro ta ba sai 1877, faifan garmaho na kasuwa kuwa sai 1902 aka fara ɗauka a Indiya. Ba wanda ke da muryar Tansen, babban mawaƙin fadar, wanda ya zo wurin Akbar a 1562 daga fadar Rewa, kuma kabarinsa na Gwalior inda ake taron kiɗa don tunawa da shi duk shekara. Abin da ya rage shi ne rubutu, irin na Abul Fazl da ya lissafa mawaƙa da makaɗa 36 na fadar ya sa Tansen a gaba, sai kuma abin da ya gangaro daga bakin malami zuwa kunnen almajiri.

Daga waɗannan an san salon fadar shi ne dhrupad: waƙa mai nauyi, mai tafiyar ƙasaita, ba kwalliya da yawa, ana raka ta da ganga mai baki biyu da ake kira pakhawaj da kuma rudra vina mai ƙwarya biyu. Salon khayal, wanda ya fi yawa a yau, sai a ƙarni na 18 ya bunƙasa, a fadar Muhammad Shah da ya yi mulki daga 1719 zuwa 1748. Sitar mai tsirkiya da gangar tabla a siffar da muka sani su ma 'ya'yan wannan ƙarnin ne. Thumri, waƙar soyayya mai taushi da ake yi wa rawar kathak, ta yi tashe ne a Lucknow a ƙarni na 19, zamanin Nawab Wajid Ali Shah wanda Ingilishi suka tuɓe a 1856. Harmoniya kuwa daga Turai ta shigo a wannan ƙarnin.

To ka duba fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, labarin soyayyar Yarima Salim, ɗan Akbar, da Anarkali, mai rawa a fada. A wurin da Anarkali ke rawa gaban Akbar ranar bikin haihuwar Krishna, abin bautar Hindu, waƙar thumri ce, rawar kathak ce ta gidan Lucknow wadda Lachhu Maharaj ya tsara, a baya kuma ga gogen Turawa na sitidiyon Bombay. Labarin na ƙarni na 16 ne, salon waƙar na 19, ƙungiyar makaɗan ta 20.

Wannan ba yaudarar mai kallo ba ce?

Ni ban ɗauke shi yaudara ba. Fim ba gidan adana kayan tarihi ba ne. Da Naushad, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya kawo dhrupad tsantsa, da buɗewarsa kaɗai, wadda ake yi ba ganga ba kalmomi, ta cinye rabin awa, kuma da wuya ta ɗauki zuciyar budurwar da ta kamu da son ɗan sarki. Naushad haifaffen Lucknow ne, a 1919, kuma tsohon kiɗan da kunnensa ya sha tun yana yaro na garinsu ne. Shi ya ɗauko ya kai fadar Akbar. Ya yi hakan da sani, ya kuma tsare ƙa'idar ragar da ya zaɓa.

Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: mai tsara kiɗan ya san abin da ya bari da dalilin barinsa? Akwai wanda ya sani ya rage, akwai wanda bai sani ba ya yayyafa sitar a kan waƙar zamani ya ce ta tsufa. Kunne na rabe su ko da mai kunnen bai san sunan raga ko ɗaya ba.

Abin da ke damuna dai shi ne yadda aka bar dhrupad a baya kusan gaba ɗaya, alhali bai mutu ba. Iyalan Dagar sun riƙe shi zuriya bayan zuriya, almajiransu na rera shi har yau. Miliyoyin mutane sun kalli fadar Akbar a majigi ba su taɓa jin salon da aka rera a cikinta ba.

Wane fim ne ya buɗe wannan ƙofar?

Waƙa ta shigo fim ɗin Indiya tare da magana, a Alam Ara na 1931 mai waƙoƙi bakwai, kuma raga na cikinta tun farko domin makaɗan daga dandalin wasan kwaikwayo suka fito. A 1943 K. L. Saigal ya fito a matsayin Tansen, Khemchand Prakash ya yi kiɗan. Amma wanda ya tabbatar wa masu zuba kuɗi cewa raga na sayar da tikiti shi ne Baiju Bawra na 1952, wanda Vijay Bhatt ya ba da umarni, Naushad ya yi kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci.

Labarin saurayi ne da ya ƙudurta kayar da Tansen a gasar waƙa. Naushad ya ɗora waƙoƙin a kan raga sanannu, Malkauns, Darbari, Bhairavi da sauransu, ya ba Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar. Da aka zo gasar kanta sai ya kawo malamai na gaske: Ustad Amir Khan ya yi muryar Tansen, Pandit D. V. Paluskar ya yi ta Baiju. Da aka fara ba da kyautar Filmfare a 1954, Naushad ne ya fara karɓar ta kiɗa, a kan wannan fim.

Lokacin ma ya taimaka. A 1952 ne B. V. Keskar ya zama ministan watsa labarai, ya takura wa waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati saboda yana ganin sun lalata kunnen jama'a. Mutane suka karkatar da akwatunansu zuwa Rediyon Ceylon, har dai gwamnati ta sassauta ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957. Cikin wannan gardamar Baiju Bawra ya fito, ya zama hujjar 'yan fim cewa su ma sun san raga. A 1956 Shankar da Jaikishan suka haɗa Pandit Bhimsen Joshi da Manna Dey a waƙa guda a Basant Bahar.

Da gaske ne an biya wani ustad kuɗin da ba a taɓa biyan kowa ba?

Labari ne da ya shahara a masana'antar. K. Asif, daraktan Mughal-e-Azam, ya nace sai Ustad Bade Ghulam Ali Khan na gidan Patiala ya yi muryar Tansen. Ustad ba ya son harkar fim, sai ya yanka rupi 25,000 a kowace waƙa don a rabu da shi, a lokacin da Lata da Rafi ke karɓar 'yan ɗaruruwa. Asif ya amince nan take. Ustad ya rera biyu.

Kuɗin ba su ne abin lura ba, inda aka sa muryar ne. Ɗaya daga cikin biyun, a ragar Sohni, tana tafe ne a bayan wani zama na dare a lambu. Dilip Kumar a matsayin Yarima Salim yana shafa fuskar Madhubala, wadda ta fito a matsayin Anarkali, da farin gashin tsuntsu, ba wanda ya ce uffan. Muryar tana zuwa daga wani sashe na fada inda Tansen ke rerawa shi kaɗai, ba don masoyan yake yi ba, bai ma san suna nan ba. Ustad na hawa sama yana juya harafi guda, kyamara na kan idonta tana rufe shi. Ba goge ɗari, ba 'yan amshi. Sohni raga ce ta ƙarshen dare mai zama a saman murya, kuma ita kaɗai ta faɗi duk abin da jaruman suka yi shiru a kai. A ganina ba a yi amfani da kiɗan ilimi a fim ɗin Hindi da kyau kamar wannan wurin ba.

Fim ɗin na da ɗaya fuskar kuma, ta girma da yawa: waƙar da Rafi ya yi da 'yan amshi ɗari, da ta ɗakin madubai wadda aka ɗauka da launi alhali yawancin fim ɗin baƙi da fari ne. Duk da haka kyautar Filmfare ta kiɗa a shekarar ba Naushad ta je wa ba, Shankar da Jaikishan ne suka ɗauka da wani fim.

Me ya sa ake yawan ambaton Umrao Jaan da Pakeezah?

Saboda su ne suka nuna zauren tawaif. Tawaif mata ne da aka horar tun ƙuruciya a waƙa, rawar kathak, adabin Urdu da ladabin zama, manyan gari na zuwa saurarensu. A hannunsu thumri da dadra (a nan sunan salon waƙa ne) da ghazal, waƙar baitocin soyayya ta Urdu, suka rayu. Bayan tawayen 1857 da rushewar fadoji, Turawan mulki da masu wa'azin gyaran al'umma suka haɗa su da karuwai, sana'ar ta durƙushe. Begum Akhtar, 'yar Faizabad da ta rasu a 1974, tana cikin na ƙarshe da suka taso a wannan tarbiyyar.

Pakeezah ya fito a 1972 bayan ya shafe fiye da shekara goma ana yinsa. Ghulam Mohammed da ya tsara waƙoƙin ya rasu a 1968 bai ga fitowarsa ba, Naushad ya ƙarasa kiɗan bayan fage, jarumar kuma, Meena Kumari, ta rasu makonni kaɗan bayan an fara haska shi.

Umrao Jaan na 1981, na Muzaffar Ali, labarin Lucknow ne gab da 1857. Khayyam, mai tsara kiɗansa, ya san za a auna shi da Pakeezah, sai ya bi wata hanya. Ya ɗauko Asha Bhosle, wadda jama'a suka fi sani da waƙoƙin rawa masu zafi, ya sa ta sauke muryarta ƙasa da inda ta saba. Ya rage makaɗa har ya zama sarangi, tabla, harmoniya da sitar ne ke gaba. Baitocin na Shahryar ne, malamin Urdu a Jami'ar Aligarh. Sakamakon shi ne murya mai kauri da nutsuwa, ta macen da ke zaune tana magana da mutane ashirin a ɗaki, ba mai kiran dubbai a fili ba. Khayyam, Asha da jarumar fim ɗin, Rekha, duk sun sami kyautar ƙasa a kansa. An sake fim ɗin a 2006 da kuɗi da ado fiye da na farko, amma waƙoƙin 1981 ne mutane ke nema har yau.

Tsarin ghazal ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƙasida. Baitin farko ɗangonsa biyu ne ke ɗauke da ƙafiya, sauran baitoci ɗango na biyu kaɗai, kowane baiti kuma na tsaye da ma'anarsa. Ma'aunin Urdu daga arulin Larabci ya gangaro ta hanyar Farisanci, arulin da malamanmu suka auna rubutattun waƙoƙin Hausa da shi. Wataƙila shi ya sa ghazal ba ta yi wa kunnen Bahaushe wuyar shiga.

Waɗanne kayan kiɗa ne ke sa waƙa ta yi kama da ta da?

Na farko sarangi. Icce guda ake fafewa a rufe da fata, manyan tsirkiyoyi uku na hanji, a ƙarƙashinsu kuma wasu sirara na ƙarfe fiye da talatin waɗanda ba a taɓawa, su ke amsawa da kansu. Makaɗin ba da kan yatsa yake danna tsirkiya ba, da gindin farce yake zamewa a gefenta, shi ya sa za ka ga wurin ya yi kanta. Wannan zamewar daga sauti zuwa sauti, wadda ake kira meend, ita ce ran kiɗan Hindustani, kuma ba abin da ke bin muryar mutum a cikinta kamar sarangi.

Harmoniya ba ta iya wannan zamewar, maɓallanta a yanke suke. Saboda haka gidan rediyon Indiya ya hana ta daga 1940 har 1971. Amma sauƙin koyonta ya sa ta ture sarangi a yawancin zaure.

Sai tabla mai baƙin tabo a tsakiyar fata, wanda ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa. Pakhawaj kuwa kafin a fara kiɗa ake manna wa bakinta na hagu ƙullun alkama don sautin ya yi zurfi, in an gama a kankare. Tanpura na baya tana riƙe da sautin tushe. Shehnai 'yar'uwar algaita ce, ta biki da ƙofar fada. Ƙararrawar ƙafar mai rawa, ghungroo, ita ma kayan kiɗa ce a nan.

Gogen Turawa da ke cika bayan waƙa kuwa aikin makaɗan Goa ne, Kiristocin da suka koyi karanta rubutun kiɗa a coci. Irin su Sebastian D'Souza da Anthony Gonsalves ne ke ɗaukar karin da mai tsara kiɗa ya rera musu su rarraba wa makaɗa hamsin. Sunayensu ba sa fitowa da manyan baƙaƙe, amma sautin da muke kira tsohon fim ɗin Indiya rabinsa nasu ne.

Jaruman ne ke rerawa da bakinsu?

A farkon shekarun 1930, e: ana rerawa ana ɗauka, makaɗa na ɓoye a inda kyamara ba ta gani. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya fara ɗaukar waƙa daban jarumi ya bi da leɓe. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 wannan ya zama ƙa'ida.

Fina-finan da labarinsu na shekarun 1930 ko 1940 ne fa, irin Qala?

Wannan wani aiki ne daban, kuma ta wata fuskar ya fi wuya. Ba wanda zai kawo faifan Tansen ya ƙaryata ka, amma faifan Saigal na nan a intanet kowa na iya kunnawa.

Abin da ya siffanta waƙar wancan zamani injin ɗauka ne. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti kusan minti uku yake ci a gefe guda. Gauhar Jaan, wadda aka fara ɗauka a Kalkata a 1902, sai da ta dunƙule abin da ake rerawa a awa guda ya shiga wannan ƙunci, a ƙarshe ta faɗi sunanta da baki don masu buga faifan a Turai su san abin da za su rubuta a kai. Da makirufo ya zo, ɗaya ne ko biyu ga kowa: mawaƙi a kusa, mai tabla can baya. In mutum ɗaya ya yi kuskure, kowa ya koma farko. Shi ya sa makaɗan ba su da yawa, muryar na gaba, kana jin numfashi.

Qala ya fito a Netflix a Disamban 2022, Anvitaa Dutt ta ba da umarni, Amit Trivedi ya tsara waƙoƙin, labarin wata mawaƙiyar fim a Kalkata da mahaifiyarta 'yar gidan kiɗan ilimi. Abin da na yaba masa shi ne bai fake da ƙarar tsohon faifai ba. Ya ɗauki waƙoƙin da tsabtar na'urar yau, ya nemi tsufan a cikin kari, da ƙarancin makaɗa, da zaɓen murya: Sireesha Bhagavatula mai siririyar murya ga jarumar, Shahid Mallya mai murya a buɗe ga yaron da ya taso yana rera waƙar ibada. Ya kuma raba duniyoyin biyu da kunne, ta gidan malamai da ta sitidiyo, domin rikicin labarin ke nan.

Shi ma bai tsaya cak a shekarar labarin ba. Waƙar da ta fi yaɗuwa, mai bugu irin na kofaton doki, ta fi kama da salon O. P. Nayyar na shekarun 1950. Ga matashin yau, duk abin da aka yi da baƙi da fari zamani ɗaya ne, kuma Trivedi ya san da wa yake magana. Ya sake irin wannan aiki a Jubilee na 2023.

Ina matsayin Sanjay Leela Bhansali da A. R. Rahman?

Bhansali, wanda darakta ne, ya san raga kuma yana girmama malamai. A Devdas na 2002, da Ismail Darbar ya yi wa kiɗa, Pandit Birju Maharaj ne ya tsara wa Madhuri Dixit waƙa da rawar kathak, ya kuma sa muryarsa. Shi ɗin ɗan ɗan'uwan Lachhu Maharaj ne, wato gida ɗaya ya yi wa fim ɗin 1960 da na 2002 hidima. Ya sake yi wa Bajirao Mastani na 2015, inda Bhansali da kansa ya tsara kiɗan. Inda nake rabuwa da shi shi ne cikawa. Ganguna goma, 'yan amshi, amsa-kuwwa, duk a lokaci guda, har ragar ta rasa inda za ta numfasa. Waƙoƙinsa da suka fi kyau su ne waɗanda ya haƙura ya bar murya da tabla.

Rahman, mai tsara kiɗa, bai ma yi da'awar komawa baya ba. A Jodhaa Akbar na 2008 sautinsa na yau ne, ya dai aro launi. Waƙar da ya yi wa Khwaja Moinuddin Chishti na Ajmer ta dace da tarihi ta fuska guda, domin Akbar ya sha ziyartar kabarin, har da ƙafa ya taɓa zuwa. Masu juyawa da dogayen huluna da aka nuna kuwa sun fi kama da Maulawiyya na Turkiyya. Waƙar ta ratsa mutane duk da haka.

Wannan kiɗa na Hindu ne ko na Musulmi?

Na dukkansu ne, kuma ba a iya tsage shi biyu. Misalin da aka fi kawowa waƙar neman ganin Hari (abin bautar Hindu) ce a Baiju Bawra, waƙar ibadar Hindu a ragar Malkauns: Shakeel ya rubuta, Naushad ya tsara, Rafi ya rera, ukun Musulmi. A ɗaya ɓangaren, qawwali, waƙar bege ta zawiyoyin Chishtiyya, wadda ake dangantawa da Amir Khusrau da ya rasu a 1325, a kan raga take tafiya, kuma Lata Mangeshkar ta rera ta tare da Shamshad Begum a Mughal-e-Azam. Kari na ƙetare iyaka fiye da kalmomi. A Kano ma masu bege da bandiri sun ɗauki karin wasu waƙoƙin Indiya suka ɗora musu baitocin yabon Manzon Allah (SAW).

Mughal-e-Azam mai launi da na asali, kiɗansu ɗaya ne? Da wanne zan fara?

Ba ɗaya ba ne. Da aka yi wa fim ɗin launi aka sake fitar da shi a 2004, an ware muryoyin mawaƙan na asali aka sake buga kiɗan da makaɗa sababbi don ya cika lasifikan sinimar zamani. Naushad na raye, da saninsa aka yi, shekara biyu kafin rasuwarsa a 2006. An kuma gajarta fim ɗin. Sabon ya fi faɗi da tsabta, tsohon ya fi haɗuwa, domin murya da makaɗa a zama ɗaya aka ɗauke su.

Ka fara da na asalin, ka nemi waƙar Ustad Bade Ghulam Ali Khan. Daga nan ka saurari gasar Amir Khan da Paluskar, sai ghazal ɗin Umrao Jaan na 1981, sai Qala. In wata ta kama ka, nemo sunan ragarta ka saurari wani ustad yana rera ta cikakkiya, ko da minti ashirin ne, sannan ka koma wa ta fim ɗin, za ka ji abin da aka ɗauko da abin da aka bari. In kuma salon fadar Akbar kake son kusanta, rubuta dhrupad da sunan Dagar a YouTube, ka zaɓi wanda aka yi da pakhawaj.